Ranar da Raƙumi Ya Tsaya a Gidan Mai

Ba don tsawo ake ce masa Raƙumi ba, don kuwa gajere ne, sai ya ɗora matashi a kujerar direba kafin ya hango titi da kyau. Abokan aikinsa na tashar bas ne suka laƙaba masa sunan, saboda tun da suka san shi ba wanda ya taɓa ganin ya kai ruwa bakinsa a bakin aiki. Ko shayi sai ya ajiye mota da yamma. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba, har da ƙarfi yake amsawa.

Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Motar da yake tuƙawa tana tasowa daga unguwannin bayan gari da sassafe, ta keta kasuwa, ta hau gada, ta faɗa cunkoson da ba ya ƙarewa, kafin ta sauke mutane a tsakiyar gari. Da ya isa kuma sai ya juyo. Direban da ya sha ruwa dole ya nemi banɗaki, wanda ya nemi banɗaki dole ya tsaya, shi kuwa Raƙumi ba ya tsayawa sai inda kamfani ya kafa alama. Wani da gida yake taƙama, wani da 'ya'ya, shi da wannan yake taƙama.

Fasinjojinsa na safe kusan kullum fuskoki ɗaya ne. A bayan kujerarsa wani tsohon malamin makaranta yake zama, wanda bayan ritaya yake zuwa tsare wa ɗansa shagon littattafai. Kowa Malam yake ce masa. A da, duk lokacin da aka sauko daga gada aka doshi wani gidan mai da ke da banɗaki a gefe, sai Malam ya sunkuyo ya ce, "Direba, don Allah ɗan taimaka." Amsar kuwa ba ta canzawa: "Malam, wanda ya san zai hau mota, ya yi shirinsa tun daga gida." Haka ya gaya wa masu ciki, haka ya gaya wa iyayen yara. Sannu a hankali mutane suka daina roƙo, Raƙumi kuwa ya ɗauka ya koya wa jama'a tsari ne.

Ana nan sai ciwo ya zo. Ya fara rama, wandonsa ya fara neman ƙarin huda a bel, yana ta cewa gajiya ce. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, wadda tun rasuwar mahaifiyarta take riƙe da gidan har da mai gidan, ita ta tasa shi gaba zuwa asibiti. Likita ya ce ciwon daji ne a hanji. Aka yi aiki, aka ɗora shi a kan magani, maganin ya kwantar da shi, ya kwashe ɗan gashin da shekaru suka rage masa, amma ciwon ko gezau. Watanni Raƙumi yana zaune a ƙofar gida yana jin ƙarar motoci daga nesa, yana faɗin wacce ce ke buƙatar gyaran birki.

Daga nan likitan ya yi musu maganar wani bincike. Akwai sabon magani da ba a kai ga sakinsa ba, ana gwada shi a kan marasa lafiyar da suka amince, don a ga ko yana aiki, a kuma ga abin da yake ɓatawa. Abin da ake tsoron ya ɓata kuwa ƙoda ce. Saboda haka sharaɗi biyu ne. Mutum zai sha ruwa sosai kullum, manyan gorori biyu, kuma lokaci-lokaci za a ɗebi jininsa a auna wani datti da ƙoda ke tacewa. Idan lambar dattin ta haye wani layi da suka ja, za a karɓe maganin nan take.

Ɗakin binciken yana bene, a ƙarshen wata doguwar baranda. Benci ɗaya a waje, a ciki kuma firji mai gurnani, da sikeli, da wata nas mai tabarau rataye da igiya a wuya, wadda kowa yake kira Sista. Ba ta da yawan magana, amma in ta kalli mutum ta saman tabarau sai ya ji ya tuna duk wata ƙarya da ya yi a makon. A bencin Raƙumi ya yi aboki, wani tela mai barkwanci da yake auna kowa da ido yana faɗin yadi nawa zai ci.

Maganin kuwa ya karɓe shi. Da aka sake ɗaukar hoton ciki, likita ya nuna masa inda abin ya motse. Abinci ya koma shiga, bel ya koma tsohuwar hudarsa, har likita ya yarda ya koma aiki. Ranar da ya sake ɗora matashinsa a kujera ya kama sitiyari, sai da ya yi kamar yana gyara madubi don kada kwandasta ya ga idonsa.

To, a nan gororin Auta suka shigo. Kullum da safe ta cika su ta miƙa masa, kullum da yamma ya dawo da su ko ɗigo babu, ita kuma ta yi ta murna tana cewa Baba ya zama ɗan gari. Abin da ba ta sani ba shi ne, gororin nan suna da masu rabo da yawa. Kwandastansa Dogo, wanda suka tsufa tare a mota ɗaya, yana wuni yana kiran fasinja, maƙogwaronsa kullum a bushe, shi ke shanye rabi. Gilashin gaba ya samu nasa, lagireto ya samu nasa. Raƙumi sai ya jiƙa leɓe ya rufe.

Ba wai bai damu da gwajin ba. Ya damu ƙwarai, sai dai ya fahimce shi irin fahimtar direba. A tasha, in za a zo duba lafiyar motoci, da safiyar ranar ake wanke su, a cika musu ruwa da mai, a ɗaure abin da ke lilo. Don haka duk ranar ɗibar jini, tun asuba Raƙumi yake ɗura wa kansa ruwa har sai ya ji yana kai wa wuya, ya hau benen asibiti cikinsa na ƙugi, ya zauna a benci yana nishi.

Wata ranar gwaji ya tarar da tela yana fitowa daga ɗakin hannu rabbana, babu 'yar kwalbar ƙwayoyin da aka saba fitowa da ita. Tela ya yi ƙoƙarin wasa, ya ce, "Ni dai an ce ƙodata ta yi murabus." Ba wanda ya yi dariya, shi ma bai yi ba. Shi tela da gaske yake shan ruwansa, jikinsa ne bai ɗauka ba. Raƙumi ya bi bayansa da kallo har ya sha kwana.

Da aka kira shi, Auta na gefensa, Sista ta daɗe tana kallon sakamakon kafin ta ɗago.

"Baba direba, kana shan ruwa?"

"Sosai ma. Tambayi Auta, ko ɗigo ba na dawowa da shi."

"Gaskiya ne, Sista," in ji Auta. "Ni nake cikawa da hannuna."

"To lambarka hawa take yi. Duk zuwa sai ta ɗaga kaɗan. Yanzu ta kusa layi." Ta sauke tabarau. "Hanyar nan taka, ai da nisa ko?"

"Nisa kai! Ga cunkoso."

"Mai shan gora biyu kuwa, a ina kake tsayawa ka yi fitsari?"

Da a ce ta zage shi ne, da ya yi haƙuri. Amma a ce wai shi yana tsayawa? Raƙumi ya gyara zama, ya buɗe ƙirji. "Ni? Sista, je ki tasha ki tambayi kowa. Tunda na fara tuƙi ban taɓa tsayar da mota don fitsari ba. Ko jiya tun safe har yamma ban..."

Ya dubi Sista, ya dubi Auta, ya ga yadda Auta ta zuba masa ido baki buɗe, sannan ya gane da bakinsa ya kai kansa ƙara.

"Baba!" in ji Auta.

Sista ba ta ɗaga murya ba, abin da ya fi zafi ke nan. Ta ce, "Jini ba mota ba ne, Baba direba, ba a wanke shi ranar dubawa. Abin da ka yi wa ƙoda jiya da shekaranjiya da makon jiya, shi yake gaya mini. Likita har ya fara zargin maganin a kanka. Da mun rubuta cewa ga mutum yana shan ruwa yadda aka ce amma ƙodarsa na lalacewa, maganin ne zai ɗauki laifin da ba mu tabbatar nasa ba ne, wata rana wani ya zo yana buƙata a hana shi. Yau zan gaya wa likita gaskiyar magana. Kai kuma ka ji da kyau. Gwaji mai zuwa, in lambar nan ta haye layi, ba ni da ikon ba ka ko ƙwaya ɗaya. Ba horo ba ne. Ba za mu kashe maka ƙoda don mu gyara maka hanji ba."

Sai da suka shiga gida Auta ta ajiye jaka, sannan ta yi masa wankin babban bargo, tana yi tana share hawaye da bayan hannu. Ƙarshe ta ce ya bar aikin kawai, ya zauna a gida ya sha ruwansa kusa da banɗakinsa.

"Aikin nan shi ne abin da maganin ya dawo mini da shi," in ji shi. "In na koma zaman ƙofar gida, me na warke na yi?"

"To ka riƙa tsayawa a hanya."

"Ke yarinya ce. Da wane ido zan kalli Malam?"

"Da idon da za ka kalle ni ranar da ka fito daga ɗakin nan hannu rabbana kamar tela."

Sai ya tashi ya shiga ɗaki.

Washegari Auta ta tsaya a kansa har ya shanye kofi biyu, sannan ta raka shi tasha da kanta ta samu Dogo. Ba wanda ya ji abin da ta gaya masa, amma daga ranar Dogo ya koma kallon gororin nan kamar akwai guba a ciki. Bai tsaya nan ba, ya naɗa kansa ɗan sandan ruwa. Duk inda aka tsaya ɗaukar fasinja sai ya miƙo gora ta kan kafaɗa ya ce, "Maigida, kurɓa." Raƙumi ya harare shi, ya kurɓa.

Har kasuwa lafiya lau. A hawan gada ya fara jin saƙo. A tsakiyar gada cunkoso ya riƙe su, motoci suka yi cirko-cirko, saƙon ya zama sammaci. Raƙumi ya matse ƙafafu, ya saki, ya sake matsewa. Ya yi ƙoƙarin tunanin abubuwa busassu, sai ga tankar ruwa a gabansa tana ɗiga a kan kwalta. Gumi ya keto masa. Duk ramin da taya ta faɗa sai ya ji shi har tsakiyar kansa. A karo na farko a rayuwarsa ya tuna muryar Malam tana cewa don Allah ɗan taimaka, ya kuma gane cewa mutumin nan ashe ladabi ne da shi ba kaɗan ba, don shi a yanzu ji yake kamar ya yi ihu.

Da aka sauko daga gada ya hango gidan man. Hannunsa ya kai kan sigina ya dawo. Ya ce wa kansa zai iya kaiwa tsakiyar gari, gobe kuma sai ya san dabarar da zai yi wa Dogo. Sai tela ya faɗo masa a rai, yadda ya sha kwana a baranda yana lilo da hannuwa. Ya kunna sigina.

"Maigida, taya ce?" in ji Dogo a firgice.

Fasinjoji suka fara leƙe ta taga, wasu na cewa ai tun a kasuwa suka ji injin na wani sauti. Raƙumi ya ja birkin hannu ya miƙe. Ƙaryar taya tana nan a bakinsa, Dogo ya riga ya share mata hanya. Amma da ya juyo ya haɗa ido da Malam, sai ta ƙi fitowa.

"Jama'a," ya ce, "motar lafiyarta lau. Ni ne. Fitsari zan yi. Wani magani nake sha, an ce in ban sha ruwa ba, za a karɓe shi. Duk mai buƙata ya sauka, zan jira."

Ya ɗan tsaya, kansa a ƙasa, yana jiran a mayar masa da maganarsa. Ya san ya ci bashinta a wurin kusan kowa a motar nan. Ba wanda ya tanka. Da ya ga jiran zai jawo masa abin da ya fi wannan kunya, sai ya sauka da wani irin sauri da ba a san shi da shi ba.

Ya fito daga banɗakin yana jin duniya sabuwa, iska ma daɗi take masa. Yana tsammanin zai ga layi a bayansa, sai ya ga ba kowa. Ya hau mota ya tarar kowa na zaune a inda ya bar shi.

"Ba mai sauka?"

"Mu sauka mu yi me, direba?" in ji Malam. "Ai mun yi shirinmu tun daga gida."

Raƙumi ya ji maganar ta soke shi, ya ɗago don ya karɓi dariyar da za ta biyo baya. Amma babu ba'a a fuskar tsohon, bayani kawai yake yi.

"Ni rabona da shayin safe tun shekarar da na daina roƙonka," in ji Malam. "Ruwa ma sai na isa shago, shi ma ɗan kaɗan, saboda akwai dawowa."

"Ni maganin hawan jinina ma sai da rana nake sha," in ji wata mata daga baya. "An ce da safe, amma yana sa fitsari."

"Ni kuwa 'yata ko koko... ko ruwan ɗumi ba na ba ta sai mun sauka," in ji wata, tana gyara wa yarinyar zama a cinya. Ita ma ba ƙorafi take yi ba.

Raƙumi ya zauna a kan matashinsa ya dubi madubin da yake kallon fasinja da shi. Shekara da shekaru yana duba madubin nan don ya ga wa ya tsaya a ƙofa, wa bai zauna daidai ba, bai taɓa lura da leɓunan mutane ba. Ashe ba shi kaɗai ne raƙumi a motar ba, mota guda ya tara, kuma shi ya mayar da su haka. Kunya ta kama shi, irin wadda ba a saukowa daga mota a rabu da ita.

"Daga gobe," ya ce, ba tare da ya juyo ba, "kullum a nan za mu tsaya. Kowa ya sha shayinsa."

Da farko ba su yarda ba. Washegari mutum biyu ne suka bi shi, suna waiwaye kada ya tafi ya bar su. Kafin mako ya zagayo sai ga Malam da fulas ɗin shayi a hammata, yana kurɓa a bayan kunnen direba da wata irin ƙara da Raƙumi ya tabbata da gangan ce. Mai gidan man ya fara da ɓata rai, da ya ga ana sayen ruwa da biskit sai ya sa aka gyara ƙofar banɗakin. Mai kula da tasha ya yi gunagunin latti, Raƙumi ya ce zai riƙa tashi da wuri, fasinjoji suka ce sun yarda. Direbobi kuwa suka samu abin yi, duk inda ya gifta sai a ce ga Raƙumi ya zama agwagwa.

Ranar gwaji bai ɗura wa kansa komai ba, kofinsa na kullum ya sha. Duk da haka da ƙyar ya hau benen. Aka ɗebi jini, aka ce su jira. Auta na zaune a gefensa tana murza gefen jakarta, wurin tela kuma wani baƙo ne a zaune.

Da aka kira su, Sista ta kalle shi ta saman tabarau, shi kuma a karon farko bai ji yana da abin tunawa ba.

"Ta sauko," ta ce. "Ba ta koma inda take da farko ba, ƙila ma ba za ta koma ba, don ka wahalar da ita. Za mu ci gaba da sa ido. Amma ta bar bakin layi."

Ta buɗe kabad ta ɗauko 'yar kwalbar ta miƙa masa. Da hannu biyu ya karɓa. Auta ta juya tana kallon sikeli kamar yau ta fara ganinsa, kafaɗunta na motsi.

Ya kai ƙofa sai ya tsaya. "Sista, tambaya gare ni. Mutumin da ba ya cikin bincikenku, dattijo, ya yi shekaru ba ya shan ruwa da safe, da rana ma kaɗan. A ina za a duba masa ƙoda?"

"A ƙasa, ɗakin da ke kallon wurin karɓar magani. Wani direban ne kuma?"

"A'a. Fasinja ne. Yana ƙasa yana jirana."

Suka sauko suka samu Malam a bencin ƙasa da fulas ɗinsa, yana mita cewa shi lafiyarsa lau, an dai hana shi buɗe shago a banza. Raƙumi ya nuna masa kwalbar, tsohon ya yi hamdala, sannan suka nufi ɗakin gwajin. Sun yi rabin baranda sai Malam ya rage tafiya, ya dubi wata ƙofa a gefe, ya dubi Raƙumi.

"Direba, don Allah ɗan taimaka."

Raƙumi ya karɓi fulas ɗin daga hannunsa, ya ce ya shiga kada ya yi sauri. Ya jingina da bango a bakin ƙofar yana jira.